Kilomita Goma Sha Takwas

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da 'yata Mamana. Yaya idon nan naki? Direban tirelarmu, wanda yake kai miki takarduna, ya ce ya same ki kina laluben kafar allura da tabarau biyu a hanci, ɗaya a kan ɗaya. Ki rage ɗinkin yamma don Allah, masu kayan ba za su mutu ba idan sun ƙara kwana biyu. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwar hagu da take ɗan yi mini gunaguni da safe. Ina ɗaure ta da bandeji, kafin a buɗe sito ta saki.

Yaya, wata magana zan faɗa miki, amma ki riƙe ta a cikinki. Na san ki, magana ba ta kwana a bakinki, to wannan karon ki daure. Shugaban sito ya sa hannu, ya ba ni hutun kwana takwas: uku a hanyar zuwa, uku a hanyar dawowa, biyu a gida. Zan iso ranar sha ɗaya ga wata mai kamawa, washegari kuma Mamana ta cika shekara goma sha takwas. Kada ki faɗa mata.

Kin san gudun da nake yi mata duk ranar haihuwarta, kilomita ɗaya a kan kowace shekara. Na farkon ko zufa ban yi ba. Na dawo na tarar da marigayiya uwarta a bakin ƙofa tana yi mini dariya, wai duk ɗan tseren da aka yi ta yi wa tafi a fili, wannan ce kyautar da ya iya kawo wa 'yarsa. Tun da aiki ya kawo ni nan tana shekara bakwai, sai dai in rubuta shekarunta a farar takarda, in maƙala a ƙirji da fil, in yi gudun a titin bayan sito, sannan in aika mata lambar da zufarta da komai. Guda goma ke nan na aika. Bana ba na son Direba ya kai. So nake in taso daga bayan gari, in bi ta gaban makarantarsu, in ƙare a ƙofar gidanki, in cire takardar da hannuna in miƙa mata.

Na fara shiri tun watan jiya. Mai Gadi, tsohon nan da muke ɗaki ɗaya, shi yake bina a keke da gorar ruwa yana ƙirga allunan gefen titi. Shekaranjiya mun yi sha huɗu. Ya ce ba don kunya ba da ya sauka ya tura keken, tun da tafiyarsa a ƙasa ta fi guduna sauri.

Rabona da gida shekara shida, tun rasuwar uwarta. Ina jin tsoro, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ban san abin da zan ce mata ba idan muka zauna mu biyu, shi ya sa nake so in fara da abin da na iya. Ki rubuto mini launin da take so yanzu in saya mata mayafi. Ni dai a shuɗi na tsaya.

Ƙaninki.

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Baba, ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, yaya aiki? Mu nan lafiya lau. Gwaggo ta yi mura kwana uku ta warke, yanzu ta koma faɗa da keken ɗinkinta kamar kullum. A gaishe da Baba Mai Gadi.

Sakamakon jarrabawa ya fito. An ɗauke ni a makarantar koyon aikin jinya, kuma za a yi rajista ranar Juma'ar ƙarshe ta wata mai kamawa, da safe. Tafiyar yini guda da dare ce daga nan. Da na karanta wa Gwaggo takardar sai ta fara hawaye, ta ce wai zare ne ya shiga idonta. Ta riga ta yanka mini fararen riguna biyu, ko tsarin ɗinkin makarantar ba ta gani ba.

Baba, akwai abin da nake so in roƙe ka, kada ranka ya ɓaci. Bana ka bar gudun nan. Ba na son a aiko mini da lambar. Na girma yanzu, kuma waɗanda ka aiko a baya suna nan a akwatina, sun isa. Ranar haihuwata ma ba za mu yi komai ba, ba na son kowa ya wahalar da kansa saboda ni.

Sau uku ina rubuta wannan takarda ina yagawa. Abin da ya rage ke nan, ka yi haƙuri da gajartarta.

'Yarka.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni ma lafiya.

Takardata da ta Mamana sun yi saɓani a hanya. Ran da Direba ya sauke miki tawa, ran nan ya karɓo tata. Na karanta ta a tsaye a bakin sito, na sake karantawa a zaune kan buhu, har shugaba ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Ki taya ni yi mata murnar makaranta. Na so in rubuta mata da kaina, hannuna ya ƙi.

Na mayar da hutun. Akwai wani abokin aikinmu da matarsa ta kusa haihuwa, shi aka bai wa kwanakin. Kada ki yi mata faɗa, ba ta yi laifi ba. Ki duba mana: budurwa mai shekara goma sha takwas, za ta shiga makarantar jinya, sai ga wani tsoho da gajeren wando da takarda a ƙirji yana haki a gaban ƙawayenta. Ni ne ban lura ta wuce wurin ba. Cikin ladabi ta faɗa mini, har da ba ni haƙuri, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

Za ki ce in zo haka nan. To idan aka cire gudun, me zan shigo da shi gidanki? Wani mutum ne kawai da jaka, wanda za ta durƙusa ta gaisar, ta kawo masa ruwa, sannan ta koma ɗaki ta jira ya tafi. Ta ce ba ta son kowa ya wahalar da kansa saboda ita. Na gane wane ne kowan.

Gudun kam zan yi shi a nan, amma ba zan aika da komai ba. Shekara goma sha bakwai ina tashi da asubar ranar nan in ɗaure takalmi, ban san me kuma ake yi da safiyar ba. Da ma ba ki faɗa mata zan zo ba, to a bar maganar a haka.

Ƙaninki.

*

Dogo,

Na amsa gaisuwarka. Lafiyata ƙalau har zuwa lokacin da na buɗe takardarka, daga nan kaina ya ɗauki ciwo. Yau biyu ga wata, saura kwana goma, don haka ka buɗe idonka ka karanta da kyau, ba irin karatun da ka yi wa ta 'yarka ba.

Tun kana yaro haka kake. A ce maka kada ka taɓa tukunya da zafi, sai ka ce an hana ka abinci, ka tafi bayan ɗaki ka yi zuciya. Yanzu ga furfura a kanka, halin yana nan.

Ka san dalilin da ya sa ta ce ka bar gudun? Direba ne. Ran da ya zo a watan jiya, yana shan ruwa a bakin shagona, ya ce ya ga kana sauko da buhu kana jan ƙafar hagu, har sai da ka dafa bango. Tana bayan labule tana guga, ta ji komai. Yarinyar da ta shekara biyu tana karanta littattafan ƙashi da jijiya, kai kuma kana ce mini gunaguni. Ranar ba ta ci abincin kirki ba.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, ba lambar take so ba, kai take so. Ni nake ganin yadda ranar haihuwarta take wucewa a gidan nan. Da asuba za ta tashi ta zauna a bakin gado da agogo a hannu, ta ce yanzu ya taso, yanzu ya kai rabi. Sannan ta yi kwana goma tana leƙen titi har takardar ta iso. Ta buɗe, ta shinshina, ta sa a akwati, ta yini a ɗaki. Kai a can kana ganin biki ka yi mata.

Za ka ce me ya hana ta faɗa kai tsaye. Ta taɓa faɗa. Tana shekara goma sha uku ta rubuta maka, Baba ka zo. Ka amsa mata da shafi biyu a kan yadda ake ba da hutu a sito da nisan hanya. Na ga lokacin da ta ninke takardar. Tun daga ranar ba ta ƙara roƙonka komai ba, kuma taurin kan nan ba a wurin uwarta ta samo shi ba.

Sirrinka kuwa na fasa shi, ka yi abin da za ka yi. Na karanta mata takardarka ta farko daga sama har ƙasa, ta biyun kuma na tsallake inda ya kamata in tsallake. Ta tsaya da dutsen guga a hannu har ya ƙona mini rigar mutane. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan takardar za ta same ka ranar biyar ga wata, ka koma wurin shugabanku ka karɓo kwanakinka, ka taso ranar tara. Tun jiya take share ɗakin baya. Ta wanke labule, ta fitar da katifa rana, ta ari kujera mai jingina a maƙwabta saboda ƙafarka.

Ka zo da sanda idan ta kama, amma kada in ga takalmin gudu a jakarka. Shuɗi kuma ta bar shi tun tana aji biyu, ruwan ƙasa take sawa yanzu.

Yayarka.

*

Mamana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Gwaggonki. Kada hankalinki ya tashi da ganin rubutuna a karkace, a kwance nake yi, da faranti a ƙarƙashin takardar. Ina asibiti, amma da sauƙi.

Zan faɗa miki yadda abin ya faru, don ke ce kika fi cancanta ki ji. Ranar sha biyu na fita bayan sallar asuba. Ban yi niyyar rubuta lamba ba, amma da na zo ɗaure takalmi sai na ga hannuna ya riga ya yanko takarda. Mai Gadi ya biyo ni a keke, yana ta mita wai fuskata ba ta mai gudu ba ce yau. Har kilomita takwas lafiya lau. A na tara gwiwar ta fara zafi, na ce mata ta yi haƙuri, yau ce ta ƙarshe. Muna wuce allo na goma sha ɗaya na ji wani abu ya yi ƙara a ciki, sai ga ni a ƙasa, bakina cike da yashi. Tsohon nan ya ɗora ni a keken ya turo ni har bakin babban titi, yana zagina yana share ido.

An yi mini aiki. Likita ta ce jijiya ce ta tsinke, zan taka ƙafar a hankali, amma gudu ya ƙare, ɗaukar buhu ma ya ƙare. Shugaban sito ya zo duba ni da kansa, ya yi maganganu masu daɗi, na gane sallama ce.

Ranar sha biyar Direba ya shigo ɗakin yana murza hularsa. Motarsa ta lalace a hanya, ya yi kwana tara yana jiran kayan gyara, takardar Gwaggonki kuma tana cikin akwatin gaban mota duk tsawon lokacin. Ya miƙa mini ya fita da sauri. Ban ga laifinsa ba. Na karanta, na kai wurin labule da katifa da kujerar aro, sai na kasa ci gaba. Mutumin gadon kusa da ni ya zaci ƙafar ce, ya kira mini ma'aikaciyar jinya. Da ta zo da farar rigarta ta tsaya a kaina, sai abin ya ƙaru.

Ashe kin jira ni ranar sha ɗaya. Mamana, ki yafe mini. Na karanta takardarki da tsoron da ke cikina, na ga abin da ba ki rubuta ba. Shekara shidan nan ma ba hutu ne kaɗai ya hana ni zuwa ba. Na kasa shiga garin da babu uwarki a ciki, sai na bar ki ke kaɗai kina zaune a cikinsa, ina aiko miki da takardu. Duk shekara gudun yana ƙara tsawo, ni kuma ina gaya wa kaina wahalar da nake sha ta isa ta zama zuwa.

Yanzu zan zo gaba ɗaya. Likita ta ce ba za ta sallame ni ba sai Larabar ƙarshe ta wata, ko kwana ɗaya ba za ta rage ba. Zan taso a ranar, in sauka a babbar mahaɗa ranar Alhamis wajen ƙarfe ɗaya na rana, in kwana a can ina jiran motar garinmu, in iso Juma'a da yamma. Ba ni da inda zan koma, don haka za mu zauna mu yi ta hira har ki gaji da ni.

Babanki.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, kuma ka motsa yatsun ko da akwai zafi. Gwaggo tana gaishe ka. Ta ce faɗanta yana nan ta ajiye maka, ba zai lalace ba.

Ranar sha ɗaya na sa kujera a bakin shagon Gwaggo tun hantsi. Duk motar da ta tsaya a kwanar titi sai na miƙe. Da la'asar Gwaggo ta ce wataƙila mota ce ta makara, ta ce in shiga ciki, na ƙi. Washegari da asuba ban ɗauki agogo ba, na fita bakin ƙofa na tsaya, don na ce ko ka iso ka sauka a bayan gari, ka taho da gudu duk da an hana ka. Ina tsaye a wurin lokacin da kake kwance a gefen titi. Da rana ta take na mayar wa maƙwabta kujerarsu.

Na yi fushi da kai, Baba, kuma har yanzu bai gama sauka ba. Ni ma da laifina. Abin da na yage sau uku kalma biyu ce, ka zo. Na ji tsoron a sake yi mini bayanin hutu, sai na rubuta abin da ba za a iya ƙi ba. Da na daure na bar ta a takardar, da ƙafarka tana nan lafiya. Wannan yana damuna fiye da yadda zan iya rubutawa. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini.

Gwaggo ta tambaye ni ko zan ƙarasa maka kilomita bakwai ɗin da suka rage, ko da tafiya ce a ƙasa. Na ce a'a. Ka bar su a titin bayan sito, ba na son su.

Akwai kuma wani abu da na ga ka tsallake a takardata ta farko. Juma'ar da za ka iso, ita ce ranar rajistarmu. Na je wurin malamar da ta cika mini takardu na tambaya ko za a ɗaga mini ko zuwa Litinin. Ta ce wanda bai amsa sunansa ba da safen nan, wurinsa na wani ne. Na dawo na ce wa Gwaggo na fasa, sai baɗi. Ta ajiye almakashi ta ce idan na fasa, kai ne za ka fi kowa kasa ɗauka, kuma na san gaskiya ta faɗa. Don haka zan bar gida ranar Alhamis da sassafe, ba kuma za a ba mu hutu ba sai bayan wata biyar. Ɗakin baya yana nan a share. Na sa ƙusa a bango daidai gado, inda za ka rataya sandunanka.

Amma na yi tambaya a tasha. Motarmu ma a babbar mahaɗa take tsayawa, kuma ba ta tashi sai ƙarfe biyu. Idan taku ba ta makara ba, muna da awa guda. Na ba Direba wannan takarda hannu da hannu, na tsaya har ya sa ta a aljihun rigarsa ya maɓalle.

Idan ka sauka, ka nemi bencin da ke gaban ɗakin sayar da tikiti ka zauna. Kada ka tashi nemana da wannan ƙafar, ni zan neme ka, mai sanda biyu ba zai yi wuyar ganewa ba. Kada ka shirya abin da za ka ce, ni ma ban shirya ba. Sai dai idan wata doguwar mace ta zo ta tsaya a gabanka da jaka a kafaɗa, tana kallonka, kada ka matsa mata gefe ka ce ta zauna, baiwar Allah. Ni ce, Baba.

'Yarka.